Bunsurun Malam Sale

Wata Lahadi da kaka, ina aji huɗu a firamare, muka dawo daga coci muka tarar da bunsurun maƙwabcinmu Malam Sale a cikin garkenmu. Ni ce na bar ƙofar a buɗe saboda saurin kada in makara. Mummuna ne na gaske, dabbare-dabbare, ga wari, ga ƙaho ɗaya a karye. Duk awakin gidan kuma bai ga wadda ta yi masa ba sai tawa, wadda kakata ta ba ni.

Baba ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Awakinmu jajaye ne tas, gadon mahaifinsa, kuma a ƙauyenmu na kusa da Malumfashi ba abin da yake tutiya da shi kamar su. Ba ya aron bunsuru, ba ya saye. Cikin 'ya'yan yake ware ɗaya ya bar shi yana barbarar iyayensa da 'yan'uwansa. "Jinina ba ya gauraya," haka yake cewa, kai ka ce shi ya haife su. Nan take ya yanke hukunci: in akuyata ta haifi masu dabbare, da ita da su sai kasuwar Musawa.

Wata biyar ina kai mata harawa da dusa kafin in tafi makaranta, ina addu'a ta haifo ja. Ina! Tagwaye ta zubo, kowanne da zanen ubansa har goshi. Baba ya ce da an yaye su za a kai su. Na yi kuka har na gaji, kuma gaskiya na tsani bunsurun nan.

Kafin yaye damina ta sauka, ciwo ya shigo garke, zawo da majina. Da ma jajayen 'ya'yan kowace shekara ƙara ƙanƙancewa suke yi, muna ɗora laifin a kan ciyawa. Haka suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, Baba yana binne su a bayan rumbu. Tagwayena ma sun kamu. Kwana biyu suna kwance, rana ta uku na same su suna cin ganyen masarar Inna.

Malamin dabbobi da ya zo a kan babur ya daɗe yana duba garken. Ya yi wa Baba bayani a hankali cewa amfanin mace da namiji ke nan, kowane ɗa ya ɗebo rabi nan rabi can ya fito daban, ta yadda in cuta ta kayar da wasu sai ta bar wasu. "Baba, naka duk sun zama abu ɗaya, kamar rogon da aka dasa daga itace guda," in ji shi. "Ciwon da ya iya da ɗaya ya iya da duka."

Daga ranar ba a sake maganar Musawa ba. Bayan sati biyu ya sa hularsa ya fita. Can sai ga shi yana janye da bunsurun Malam Sale da igiya, ya wuce ni zuwa garke bai dube ni ba.

Yanzu ina koyar da kimiyyar halittu a Funtua, ina zana wa yara wannan darasi a allo, suna kwafa suna hamma. Inda garken yake an gina shago, Baba kuma ya daɗe da rasuwa. Tsakanin ƙofarmu da ta Malam Sale bai fi taku ashirin ba. Sai da na girma na san nauyin tafiyar nan a wurinsa.