Baba Sanni Mai Agogo da Amintattunsa Uku

Lokacin da Mma Barakatu take takaba, kowace safiyar Juma'a sai ta tarar da koko da ƙosai a bakin ƙofarta, an rufe da faranti. Sai da ta fita takaba ta gane aikin Baba Sanni mai gyaran agogo ne. Da ta yi masa godiya, ya ce ta yi haƙuri, yakan ɗanɗana tukuna, don bai yarda da mai kokon ba.

Haka Allah ya yi shi. Mutumin garin Bawku ne, shekara talatin a unguwar Zango, ba mata ba ɗa, sai 'yar rumfarsa a kasuwar Kejetia. Ko laima zai saya, sai ya buɗe ta ya sa an sheƙa masa bokitin ruwa a gaban mai kaya.

Shi ya sa da wasu 'yan kamfani suka kawo wa ƙungiyar jana'iza ta unguwa sabon tsari, shi kwamiti ya ba gwaji. Tsarin ba littafi, ba ofis: shaidar kowa tana cikin wayarsa, ba mai riƙe ta wani. In wayarka ta ɓata, mutum uku da ka zaɓa su danna a nasu wayoyin, shaidarka ta dawo. Sakatare ya soke sunansa daga littafi, aka mayar da shi waya.

Baba Sanni ya zaɓi Abukari da Wahab, waɗanda ba sa ga maciji tun rigimar wata akuya, ya cika da wani direban trotro, motar haya, na hanyar Atonsu. Ya ce abin da ba ya aiki sai ana zaman lafiya, ba na Zango ba ne. Sannan ya hau gada, ya yi bisimilla, ya saki wayarsa cikin rafin Subin.

Abukari ya ce sai Wahab ya fara dannawa. Wahab ya ce ya san Sanni sarai, amma ba zai haɗa shaida da ɓarawon akuya ba. Direba kuwa tuni ya musanya wayarsa da taya. 'Yan kamfani suka ce ai kyan tsarin ke nan, ko su ba su isa su dawo da shi ba.

Ran taro, Mma Barakatu tana daga layin mata ta ga Baba Sanni ya miƙe da rahotonsa, shafi tara. Shugaba ya ce ɗan ƙungiya kaɗai ke ba da rahoto, shi kuma babu shi a littafi, babu shi a waya. Komawa littafi kuwa sai an yanke hukunci kan tsarin, hukunci kuma sai an ji rahoto. Aka rubuta bai halarta ba, da biron da aka ara a hannunsa.

Shekara biyu ke nan. Yana zuwa kowane taro, yana shimfiɗa tabarmi. Ita dai ta lura ya daina gwada komai, ko ƙosai aka miƙo masa ci kawai yake yi. Wanda ba shi da kowa a gari, ƙungiyar nan ce mai wankansa da likkafaninsa.

Wata la'asar ya tare ta a bakin masallaci, idonsa a ƙasa.

"Mma Barakatu, in ta Allah ta kasance kafin su gama, kada ki yi musu da su a kan sunana. Ki ce musu baƙo ne ya rasu. Baƙo ba sa tambayarsa shaida."