Inda Motar Baffa Take Mutuwa

Har yau idan aka buɗe tankin janareto a tsakar gidana, warin fetur ya taso, sai in ajiye abin da ke hannuna in kasa kunne. 'Ya'yana sun ɗauka warin ne ba na so. Ba shi ba ne. Wani sauti nake jira, wanda na ji sau ɗaya ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a hanyar da ta tashi daga ƙauyenmu na wajen Maruta ta nufi Birnin Kudu.

A shekarun nan da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura. Ita kaɗai ce mota a ƙauyen. Ranar kasuwa ta ɗauki gyaɗa da awaki, ranar ciwo ta ɗauki mutum. A bayan ɗakin Innata ake ajiye ta, gindin darbejiya, da durom ɗin mai a gefe.

A bazarar da nake ba ku labari, motar ta tsiro da wani hali. Ta tashi lafiya, ta yi gudu lafiya, sai an zo kufai ta mutu. Kufan nan tsohon gari ne da agana ta cinye mutanensa tun ba a haifi mahaifina ba. Babu abin da ya rage sai tsamiya guda, da rijiyar da aka toshe da ƙaya, da tuddan ƙasa inda ɗakuna suka zube. Ko makiyaya ba sa barin shanu su kwanta a wurin. Sau uku motar tana mutuwa daidai tsamiyar. A zauna kamar awa guda, ba wanda ya taɓa komai, sai ta tashi da kanta. Mutane suka ce masu wurin ne ke tsayar da ita sai an gaishe su. Baffa dariya yake yi, ya ce mota idan ba wuta ba ce, to mai ne, babu na uku.

Inna tana da tsohon ciki a lokacin. Ta kwana biyu a kan gwiwa, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a kai ta asibiti. Mahaifina ya tafi fatauci kudu. Aka shimfiɗa katifa a bayan mota aka kwantar da ita. Kakata, mahaifiyar su Baffa, ta ɗora kan Inna a cinyarta, ni kuma aka ba ni buta da ƙullin zannuwa.

"Auta, babu wata hanyar?" Kaka ta tambayi Baffa.

"Ita ke nan, Iya. Ki yi ta addu'a kawai."

Rana tana tsaka muka hango tsamiyar. Na ga leɓen Kaka yana motsi. Motar ta yi tari sau biyu, ta fizga, ta sake fizga, ta gangara a hankali kamar ana jan ta da igiya, ta tsaya a cikin inuwar.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Babu tsuntsu, babu kukan akuya, ko ganyen tsamiyar ba ya motsi. Sai nishin Inna, shi ma ya yi ƙasa.

Baffa ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. A baya zaman jira yake yi, amma ran nan babu awa guda ta jira. Ya ɗaga murfin inji ya kira ni in riƙe masa, don ƙarfen da ke tokare shi a karye yake. Shi ya sa na ga komai da idona.

Ya zare wayar fulogi ɗaya, ya kusantar da ita jikin ƙarfe, ya haɗa wasu wayoyi injin ya juya. Wuta shuɗiya ta yi tsalle. "Wuta lafiya," ya ce, da kansa yake magana. Ya ɗauko kwalbar fetur da yake ajiyewa ƙarƙashin kujera, ya tsiyaya kaɗan a bakin kafireto, inda mai yake shiga inji. Motar ta tashi da ƙara, kafin in ce alhamdulillahi ta sake mutuwa.

"To, yunwa take ji. Mai ba ya zuwa."

Ya bi hanyar man da baya, kamar mai bin sawun ɓarawo. Ya kwance tiyon da ke shiga kafireto, a bushe. Ya buɗe matacin mai ya ɗaga shi a rana, babu datti. Ya danna hannun famfon mai sau da yawa, sai kumfa ke fitowa. Gumi yana ɗiga daga gemunsa. Daga bayan mota Kaka ta ce, "Auta, ta daina amsa mini."

Sai ya zare tiyon da ya taho daga tanki, ya sa a baki don ya zuƙo man. Na ga idanunsa sun fito. Ya fizge shi daga bakinsa ya toshe da babban yatsa.

"Ja yake yi," ya ce a hankali. "Ina zuƙa, ana zuƙa daga can."

A daidai lokacin wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin motar, daidai inda Inna take kwance, kamar mutum yana shan ruwa a cikin rijiya. Kaka ta ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu. Na kalli rijiyar nan da aka toshe, na kawar da kai.

Baffa ya tsaya jim, bakinsa yana motsi shi ma. Sannan ya mayar da tiyon, ya zagaya gefen mota ya kama murfin tanki. Ya ƙi buɗuwa. Ya naɗe hannunsa da bakin riga ya murɗa da ƙarfi.

Wannan ne sautin. Doguwar ajiyar zuciya, mai nauyi, irin ta wanda aka daɗe da danne wa ƙirji aka sake shi. Na rantse muku da na rufe ido zan ce tsoho ne a kusa da ni.

Baffa ya juya murfin a tafin hannunsa, ya kankare tsakiyarsa da farce. Wani abu mai danƙo ya fito. Ya shinshina.

"Kakin zuma. Wa ya toshe wannan hudar? Ta nan tanki yake shan iska. In babu iska, mai ba ya fita."

Kaka ta daina karatu. Ta daɗe tana kallon murfin.

"Ni ce," ta ce. "Warin yana shiga ɗakinta yana sa ta amai, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Na bi shi da hanci har na samu inda yake fita. Na liƙe, yadda nake liƙe goran zuma."

Baffa ya sake juya murfin. Ya huda wurin da ƙayar aduwa, ya danna famfo har mai ya cika matacin, ya murɗa makulli. Muka bar inuwar nan ba wanda ya waiwaya.

A asibiti aka ceci Inna. Jaririyar, mace ce, ba ta zo da rai ba. Babu wanda ya ce mana da an iso da wuri da ta rayu, babu kuma wanda ya ce ba haka ba ne.

Daga baya Baffa ya yi wa mutane bayani: kullum cika tanki yake yi kafin ya tashi, shi ya sa iskar take ƙarewa a wuri ɗaya. Na yi makaranta, na gane maganarsa, na kuma yarda. Abu ɗaya ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Da safen nan ni na riƙe masa mazurari, durom ɗin ya kusa ƙarewa, ko rabin tanki bai samu ba. Amma a gindin tsamiyar muka tsaya.

Kaka ta rayu shekara tara bayan haka. Ba ta ƙara liƙe bakin komai ba. Zumarta tururuwa suke shanyewa, irin gyaɗarta ya yi ta lalacewa a tukunya, in an yi magana ta ce a bar shi ya sha iska. A ciwonta na ƙarshe, na dawo hutu daga sakandare, ta kama hannuna ta ce, "Ke da kika yi boko, gaya mini gaskiya. Da ban liƙe ba fa?"

Na ce, "Kaka, jaririyar ce ba ta zo da kwana ba. Ke amai kika tsayar."

Ta mayar da idonta kan rufin ɗaki. Ban san ko ta yarda ba.

Yanzu hanya ta canza, an nome kufan, an sare tsamiyar, motocin zamani kuwa sai an sa musu na'ura kafin a san ciwonsu. Babu wanda ya rage cikin mu huɗun nan sai ni. Idan an gama zuba mai a janareto kowa ya watse, nakan je in ɗauki murfin in ɗaga shi a haske. Sai na ga rana ta cikin 'yar hudar nan nake mayar da shi, in yi wa Kaka addu'a, da ƙanwata da ba a raɗa wa suna ba.