Ranar da Na Kai Amarya Daura

Na ɗan haura hamsin lokacin da marata ta fara yi mini rashin kunya. Ina shagona na atamfa a Babbar Kasuwa lafiya lau nake, amma da napep ta karyo Ƙofar Marusa, sai fitsari ya taso mini kamar zai zubo. Da gudu nake shiga gida, ko sallama ba na ƙarasawa.

Matan gidanmu suka yanke hukunci cewa sanyi ne. Yayata ta haɗa mini jiƙon saiwoyi, kofi cike safe da yamma. Mai fama da zaryar banɗaki aka yi ta ɗura wa ruwa!

Ana haka aka sa bikin ɗiyar ƙanena, wadda na goya tun yaye. Daura za a kai ta, kuma gwaggo ce ke miƙa amarya. Tsoron jin kunya a mota ya sa na ce ƙafata na ciwo. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Gwaggo, in ba ki tahi ba, wa za ya riƙe mani hannu?" Maganar ta hana ni sukuni, na nufi asibiti.

Likitar ta gwada fitsarin, ba ta ga komai ba. Ta ce, "Hajiya, mara saƙo take aikawa, ƙwaƙwalwa ke cewa a dakata. Taki ƙwaƙwalwar ta saba ba da izini da wuri. Da ta ga unguwarku sai ta zaci an iso." Ta hana ni jiƙon, ta ce in ya taso in tsaya cik, in matse, in ja numfashi har ya lafa.

Haka na riƙa ƙamewa a zaure, ido rufe. Wata maƙwabciya ta zaci lazimi nake, har ta ce, "Hajiya, a sa mu ciki."

Ranar kai amarya, muna tsakiyar hanya fitsarin ya taso. Hannun amarya na cikin nawa, na ce a zuci, ba yanzu ba. Ya kuwa haƙura. Na zaunar da ita bakin gado, na damƙa wa dangin miji amana.

A hanyar dawowa na tuna ko banɗakin gidan ban tambaya ba. Na fashe da dariya, har na kai hannu gefe in taɓa yarinyar in ba ta labari. Ba kowa a wurin. Nan na yi kukan da ban yi a Daura ba.