Dillalin da Kawu ya zaɓa wa ordinatocinmu

"To, ashe dillali za mu ɗauka," in ji Kawu, da na gama yi mishi bayani.

Dusa muke saidawa. Lojisiyel, wato manhajar lissafin kaya a ordinato, na magazarmu ta Mayahi daban, na shagon Tasawa daban, ba sa jin maganar juna. Bana da fari ya matsa, sai mu duba na shago mu ce wa makiyayi akwai kaya, ya koro amalanke daga nesa, ya tarar da magaza wayam.

Shi ya sa na gayyato kamfani biyu masu lojisiyel ɗin da ke haɗa na Mayahi da na Tasawa. Ana cikin gwaji, Kawu ya miƙa hannu ya kashe intanet.

"Kawu, lafiya?"

"Ɗana, tun da sojoji suka hau mulki, yaushe wuta da rezon intanet suka zauna mana? Ni dillalin da zai riƙe saƙo har hanya ta buɗe nake so."

Na kamfanin farko ya sandare. Na biyu ya adana komi, rezo na dawowa ya isar. Shi muka ɗauka.

Alhamdulillahi, tun ranar amalanke ba ta sake komawa wayam ba.

Ku fa, yaya kuke gwada abu kafin ku saya?