Mun Zo da Wuri

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka na girma ba ni da suna a bakinta. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, kuma ko da na dawo gida ina budurwa, Inna ba ta taɓa yarda mun haɗa ido ba. In tana so in ɗebo ruwa, sai ta fuskanci randa ta ce, "Wai mutanen gidan nan ba su ga ruwa ya ƙare ba ne?" Ni ce mutanen gidan nan. In baƙuwa ta tambaye ta 'yar wa ce ni, sai ta ce 'yar tsohuwa ce, ta ci gaba da juya kifinta. Sana'arta ke nan, bandar kifi. Tana sarin tarwaɗa da karfasa a hannun masunta a bakin kogi, ta kyafe su, ta jera a kwando. Ƙannena kuwa kullum sunansu na bakinta, har da zagi a kai. Wallahi har zagin nan na yi ƙyashinsa.

Ina koyarwa a firamare, da 'ya'yana har sun tasa, shekarar da gwamnati ta tuna akwai ciwon daji a duniya. Aka aiko cewa duk malamai mata mu fito tattakin wayar da kai. Aka raba mana riguna ruwan hoda da hular hana salla, muka ɗora a kan hijabi, muka koma kamar buhunan da aka yi wa ado. Makaɗa a gaba, lasifika a kan a-daidaita-sahu, 'yan acaɓa suna yi mana dariya, muka zaga rabin Haɗeja cikin rana. A ƙarshe wani babban mutum ya fito daga mota mai sanyi ya shaida mana gwamnati ta ɗaura ɗamarar yaƙi da sankara. Za a gina cibiya, za a yi gwaji kyauta, za a kawo inji daga ƙasar waje. Abu ɗaya kawai ake roƙon talaka: ya zo da wuri. Ya maimaita, muka maimaita, aka ɗauki hoto, aka ba mu dafa-duka a roba. Na tabbata ciwon daji da ya ji wannan kiɗa, a ranar ya tattara kayansa ya haye kogi.

Amma a cikin hayaniyar wata ma'aikaciyar jinya ta faɗi magana mai amfani, ni kuma na riƙe. Matsalar ita ce ta yaya 'yar fari za ta yi wa uwarta zancen nono. Sai na yi mata irin nata. Na biya gida da yamma, na tarar da ita a bakin wuta tare da maƙwabciyarta da ke taya ta gyaran kifi, na juya wa Inna baya na fuskanci maƙwabciyar.

"Gwaggo, kin ji abin da aka ce mana yau? Wai in mace tana wanka ta riƙa lalube jikinta. In ta ji ƙullutu a mama, ko ba ya ciwo, ta faɗa wa wani a kai ta asibiti."

"A'uzubillahi," in ji Gwaggo. "Ciyawar kacalla ta cinye mana kogi ba su gani ba, sai nonon mutane suka gano?"

Inna ta ajiye kifin da ke hannunta. Ta miƙa hannu ta ɗauki rigar gwamnatin da na ajiye a kan turmi, ta duba laushinta, ta rufe kwandon kifi da ita saboda ƙuda.

Bayan an gama girbin shinkafa na je gaishe ta wata safiya. Muka yi irin gaisuwarmu, ni ina gaida ƙasa ita tana amsa wa bango. Na kai zaure zan fita sai na ji an kira sunana. Na tsaya ina neman mai muryar, don ban san yadda sunana yake a wannan bakin ba. Na koma na same ta a ɗaki, ta kau da kai gefe. Ta kama hannuna ta sa a ƙarƙashin zanenta. Abin bai fi ƙwallon dabino ba, ga tauri.

"Ba ya ciwo," ta ce. "Amma an ce a faɗa."

Na tsorata, kuma na ji daɗi, duka a lokaci guda, har na rasa wanne ne ya kawo hawayen. Tana da autarta da ke aure a Kafin Hausa, wadda suke hira har da shewa, amma ni ta zaɓa. Ni ta gani da rigar gwamnati, don haka a wurinta ni ce ƙofar gwamnati. Kunyar da ta riƙe tun kafin in yi wayo ta ajiye, saboda an yi mata alkawari cewa wanda ya faɗa da wuri zai tsira.

Washegari muka nufi cibiyar. Ba a yi ƙarya ba, an gina ta. Ga fenti, ga allo mai hoton mace tana murmushi, ga ƙaton kwaɗo a ƙofa, ga awaki suna hutawa a baranda. Maigadi ya ce ana jiran mai girma ya samu sarari ya zo ya yanke ƙyalle. Muka wuce wani asibiti, inda wani matashin likita mai kirki, wanda gajiya ta sa idonsa ya faɗa, ya duba ta ya ce, "Mama, kin kyauta da kika zo yanzu. Ƙarami ne." Ya yanki ɗan nama aka aika birni gwaji, ya ce mu saurara.

Muka saurara. Aka shuka alkama a fadama muna saurare. Da farko maganin gwajin ne ya ƙare. Da ya zo, ma'aikata suka tafi yajin aiki. Da suka dawo, aka ce naman ya lalace, a sake yankowa. Ranar da sakamako ya fito an riga an casa alkamar, ƙwallon dabino ya zama lemon tsami. Aka tura mu birni.

A birni na ga cikakken tsari. Akwai ofishin rangwamen magani ga marasa ƙarfi, da kujeru masu kyau da fanka, sai dai dole sunanka ya shiga kwamfuta, ita kuma kwamfutar ba ta da sabis. Akwai layin tiyata, wanda in ka kai gaba sai ka tarar likitan ya tafi taron ƙara wa juna sani kan muhimmancin gano cuta da wuri. Akwai injin gashi, wanda ake haska wa ciwon wuta da shi, na gan shi da idona ta taga, an lulluɓe shi da leda kamar kayan ɗakin amarya. Mai gyaransa yana hanya daga ƙasar waje. Ban san ko a ƙafa ya taho ba.

Muka yi ta zarya. A mota in jiri ya ɗebe ta sai ta kwantar da kai a kafaɗata, amma ko a nan ba ta sake kiran sunan ba. "A ce da direba ya rage gudu," haka take cewa da gilashin mota. Wata mata ta taɓa ce mata, "Baiwar Allah, kin yi dacen 'ya." Inna ta ce, "'Yar maƙwabta ce." Na yi dariya har matar ta tsargu.

Damina ta yi nisa, ruwa ya fara cin gonakin bakin kogi, sannan muka samu ganin babban likita. Ya shigo da ɗalibansa a baya, ya ɗaga zanen, ya ja baya kaɗan. Abin ya riga ya fashe. Ya yi wa ɗaliban dogon Turanci yana nuna ta da biro, sannan ya juyo da Hausa don mu ma mu amfana.

"Matsalar mutanenmu ke nan. Gwamnati tana ta faɗa, ana ta wayar da kai, amma sai abu ya lalace ku kwaso ku kawo mana. Mama, me ya sa ba ku zo da wuri ba?"

Ni mai baki ce, duk makarantarmu an sani, kuma na shaƙi iska zan wanke shi tas. Inna ta riga ni. Ta ja mayafinta ta rufe ƙirji, ta juya ta fuskanci bango kamar yadda ta saba.

"A gaya wa likita mun zo da wuri," ta ce. "Ba mu tarar da kowa ba ne."

Ba ta ga girbin shinkafar shekarar ba.

Bara aka yanke ƙyallen cibiyar, da kiɗa da dafa-duka. Shugabar makarantarmu ta aiko mini da sabuwar riga, ta ce a fito da wuri saboda hoto. Na je, don har yanzu ina gaya wa mata su lalube jikinsu, maganar gaskiya ce ko da wa ya faɗe ta. Na tambayi wani mai babbar riga ina injin, ya ce yana hanya.

Tsohuwar rigar tana nan a gidan Inna, ta yi baƙi da hayaƙi, Gwaggo ce ke rufe kifi da ita yanzu. Ina zuwa gaishe ta lokaci-lokaci. In na tashi tafiya nakan yi sauri a tsakar gida, amma da na shiga zaure sai in ga na rage tafiya, ina kasa kunne.