Sueko Mai Gyaran Gashin Tsibirai Biyu

Daga gonar raken mijinta, Sueko tana hango tsibirin arewa, inda aka haife ta. Aure ne ya kawo ta tsibirin kudu. Ruwan da ke tsakaninsu bai da faɗi, sai dai mugu ne, gaɓar kuma duk duwatsu ne a tsaye, don haka mai son tsallakawa ƙaramin jirgin sama yake hawa.

Gyaran gashi ne sana'arta. Da yake mutanen arewa ba su da mai yi musu, duk wata sai ta ɗauki jakar almakashi da mataji ta tafi gidan yayarta Tomi, tsofaffi su jeru a baranda suna jira. Tsoron jirgi kuwa bai taɓa barinta ba. Takan jefa gutsuren mazarƙwaila a baki ta runtse ido, kafin ya narke an sauka.

"Wannan ma tafiya ce?" Mijinta Seiei kan tsokane ta. "Na fi daɗewa a hanyar gona."

"Kai da ba ka taɓa hawa ba, ka fi kowa baki," in ji ta.

Jirgin daga birnin Naha yake zuwa, kuma juyi yake yi: yau ya sauka kudu ya wuce arewa, gobe ya fara da arewa. Ana gobe auren Mutsumi, 'yar Tomi, iska ta hana shi tashi. Washegari gari ya yi kyau, amma ranar da arewa jirgin ke farawa, daga kudu Naha zai wuce. Tomi ta bugo waya tana kuka.

"Amarya ta ce babu mai taɓa mata kai sai ke."

"Yaya, share hawayenki, ina nan zuwa."

Hanya ɗaya ta rage: ta bi jirgin har Naha, tafiyar sama da awa guda a kan teku, ta sake hawa wani ya dawo da ita tsibirin da take gani da idonta. Ta zauna a bakin gado. Seiei ya dube ta, ya shiga ɗaki, ya fito da takalminsa na biki.

"Tashi mu je. Ni ma in ga abin da ake ta ba ni labari."

Jirgi na ɗagawa ya damƙe hannunta, gumi na tsattsafo masa. Ita ta yi ta lallashinsa, tana share masa goshi, tana nuna masa jiragen masunta a ƙasa. Sai da suka sauka arewa da yamma ta tuna ba ta rufe ido ba ko sau ɗaya.

Sun tarar da baƙi sun daɗe a zaune, amarya na ɗaki da gashi a warware. Sueko ko ruwa ba ta sha ba, ta naɗe hannun riga. Da Mutsumi ta fito, tsofaffin nan har da tafi.

Bayan biki Sueko ta hau jirgi ta koma gida. Seiei kuwa ya ce shi da sama har abada, jirgin ruwan kaya zai jira. Ya fi mako a gidan Tomi yana shan miyar akuya, har ta bugo wa ƙanwarta waya.

"Sueko, zo ki ɗauki mijinki. Akuya ɗaya ta rage mini."