Baƙon Kawu a Garagumsa

Mun tashi da asuba daga Birnin Zinder, ni da wani abokina, za mu gai da kawuna a Garagumsa. Direba ya cusa mu huɗu a kujerar mutum biyu, ga akuya a ƙafata har Takieta. Can muka sha furar dala ashirin, ruwa ya fi nono yawa.

Mun iske Kawu a garkarsa, ƙarƙashin mangwaro. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya nuna mana reshe. Wallahi sai da na saki baki! Tsuntsu ne bai fi gwara ba, kai baƙi mai sheƙi da ɗan tukku, baya jajawur, ido zagaye da shuɗi, wutsiya ta ninka jikin sau biyu. Yana zaune shiru, sai ya yi fir, ya cafke ƙuda a iska, ka ji ƙas, ya dawo reshensa. Kawu ya ce daga dazuzzukan kudu yake zuwa duk damina, baƙona yake ce masa. Sheƙarsa kamar kofin shayi, an ɗaure ta da saƙar gizo, 'ya'ya uku a ciki, kuma Kawu kullum sai ya leƙa su.

Ni fa ƙuda ya dame ni. Ga takin shanu jibge a gindin itacen, ga tsarabar da na kawo, kwalbar piya-piya, maganin ƙwari. Da Kawu ya tafi azahar, na ce bari ɗan birni ya nuna gwaninta. Na feshe takin tas, har ƙananan rassa.

Washegari da hantsi muka koma. Ba ƙuda ko ɗaya. Tsuntsun nan, uban 'ya'yan, yana ƙasa, fuka-fuki a buɗe, tururuwa ma ta ƙi shi. Kawu ya taka turmi ya leƙa sheƙar, ya daɗe bai sauko ba. Da ya sauko na ce masa:

"Kawu, ni ne. Ƙudan na so in rage muku."

"Ɗana, ai don su nake tara takin a nan. Tuwon baƙona da 'ya'yansa ka zuba wa guba."

Da za mu tafi har gyaɗa ya ɗaura mini, ya raka mu bakin gudron, inda motoci ke wucewa.

Na iso Zinder da la'asar, ban iya cin komai ba. Na koyi tambaya kafin in gyara abin da na tarar a gidan mutane. Gyaɗar tana nan a ɗaki, har yau na kasa kwance ta.